Ina Ruwanmu? Tarihin Kiwon Ruwa a Ƙasar Zango

Gabatarwa

Ranar da na koma gida hutun da ya wuce, tun ban gama gaisawa da mutanen gida ba, kakana ya ce in miƙo masa sandarsa, akwai abin da yake so ya nuna mini. Muka bi ta bayan gari, yana gaba ina biye, har bakin tafkin da ƙauyenmu ya dogara da shi tun kaka da kakanni. Watan Disamba ne, kaka ba ta daɗe da wucewa ba, amma tafkin ya ƙafe ƙaf. Ba abin da ke ciki sai rairayi da tsummokaran leda da sawun awaki. Tsoho ya caka sandarsa a ƙasa ya ce, "Nan inda kake tsaye, muna samari ruwa yakan kai wa mutum ƙirji har bayan an gama sussukar gero. To, kai da aka ce kana karatun tarihi a jami'a, gaya mini, ina ruwanmu?"

Na yi shiru, don ban san ta inda zan ɓullo wa tambayar ba. Da ya ga haka sai ya yi murmushi ya ce, "Amsar tana cikin tambayar. Ranar da kowa ya fara cewa ina ruwana, ranar ruwan ya fara tafiya."

Wannan magana ita ce mafarin wannan ɗan rubutu. Nufina in bi diddigin yadda mutanen ƙasar Zango da maƙwabtansu suka riƙa kula da ruwansu daga zamanin da zuwa yau, in nuna inda aka dace da inda aka yi sake. Abin da na samo daga littattafan tarihi zan faɗe shi da shekarunsa. Abin da na ji daga bakin dattawa zan ce daga bakinsu na ji. Ra'ayina kuwa zan nuna nawa ne, don mai karatu ya auna da kansa.

Yanayin ƙasar

Zango ɗaya ce daga ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, watau Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da ita Zangon. Tana kan iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. A ƙidayar 2006 mutanenta sun haura 150,000. Ƙasa ce ta jigawa, ta gero da wake da gyaɗa da riɗi. Ba mu da kogin da ke gudu shekara zagaye. Damina wata huɗu ce in ta yi kyau, sauran watanni takwas kuwa mutum da dabba suna rayuwa ne a kan abin da ƙasa ta adana: tafkuna da kududdufai da fadamu da rijiyoyi.

A nan ya kamata in bayyana abin da nake nufi da makwararar ruwa, domin a kanta maganar duka ta rataya. Mai karatu ya dubi rufin soro. Duk ruwan da ya sauka a kansa yana taruwa ya bi indararo ɗaya ya faɗa randa. In rufin na da datti, ruwan randa ba zai yi kyau ba, komai wanke randar da aka yi. To, haka ƙasa take. Kowane tafki yana da nasa rufin, watau dukkan gonaki da tudu da hanyoyin da ruwansu ke gangarowa cikinsa. Wannan fili shi ne makwararar ruwan tafkin. In akwai itatuwa da ciyawa a kansa, ruwan sama yakan tafi a hankali, ƙasa ta sha, rijiyoyi su samu. In fili ya zama fako, ruwa yakan taho a guje, ya kwashe ƙasar gona, ya yanka kwazazzabo, ya je ya juye rairayi cikin tafki. Ashe ke nan mai gona a kan tudu da mai ɗiban ruwa a kwari igiya ɗaya ta ɗaure su, ko sun sani ko ba su sani ba.

Kusugu

Duk ɗalibin Hausa ya san labarin Bayajida. Ya san yadda baƙo ya iso Daura da dare, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce babu, domin macijiyar da ke cikin rijiyar Kusugu ba ta barin a ɗiba sai ranar Juma'a. Ya kashe ta, ya auri Sarauniya Daurama, daga nan aka sami asalin Hausa Bakwai. Masana sun daɗe suna muhawara a kan ma'anar wannan labari. Wasu sun ɗauke shi shaidar zuwan baƙi daga gabas, wasu sun ce yana nuna sauyin mulki daga hannun mata zuwa hannun maza.

Ni kuwa abin da ya fi jan hankalina shi ne, labarin asalinmu duka a bakin rijiya ya faru. Sarauta ta samu ne ga wanda ya warware matsalar ruwa. Bugu da ƙari, a ganina, ƙa'idar nan ta ɗiban ruwa rana ɗaya a mako ta yi kama da abin da duk wanda ya tashi a ƙauye ya sani, watau in rijiya ta ja baya da bazara, dole a bar ta ta huta ta tara, a sa lokacin ɗiba. Mai yiwuwa ne labarin yana ɗauke da tunawa da wani zamani da ake tsare ruwa da tsoro da camfi. Ko ma dai mene ne, Kusugu tana nan a cikin birnin Daura har gobe, an kewaye ta, baƙi na zuwa gani, ana kuma shan ruwanta.

Zango da dokokin da

Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804, jama'ar Malam Isiyaku suka ci Daura. Sarkin Gwari Abdu, wanda ke kan gadon sarauta, ya fita da mutanensa. Shi da magadansa suka yi ta sauya mazauni, har da Yekuwa da 'Yardaje, kafin gidan ya tabbata a Zango. Wani reshe kuma ya zauna a Baure. Haka aka wayi gari da Daura uku a ƙarni na 19, Zango da Baure suna ƙarƙashin inuwar Damagaram. Baturen nan M. G. Smith ya bi wannan tarihi dalla-dalla a littafinsa a kan al'amuran Daura wanda ya fito a 1978. Da Turawa suka zo, sai suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mai da shi Daura, sarauta ta koma gidanta na asali.

Dangantakar nan da Damagaram tana da amfani ga zancenmu. Ana ba da labarin cewa sarakunan Damagaram sun kafa doka mai tsanani a kan saran gawo, har akan ce wanda ya sare shi ba da izini ba, a bakin ransa. Manomi ya san dalili. Gawo itace ne mai saɓa wa sauran itatuwa: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa shuka rana, ya kuma yi ganye da rani lokacin da dabba ke neman inuwa. Ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin bisashe ne, saiwarsa kuma tana riƙe ƙasa. Gero a gindin gawo daban yake da na sarari, kowa ya gani da idonsa.

Ban da dokar sarki, akwai ta addini. Kalmar nan hurumi daga Larabci muka aro ta, daga babin fiƙihu da ya ce rijiya da tafki da kogi kowanne yana da kewayen da ba a yarda wani ya mallake shi ko ya yi abin da zai cuci ruwan ba. Malam Abdullahi Ɗanfodiyo ya rubuta littafi a kan hukuncin ƙasa, Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin rayar da matacciyar ƙasa da hurumi da filin da ake keɓewa don amfanin jama'a. Malamanmu na zaure kuma kullum suna karantar da cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin bawali a ruwan da ba ya gudu, ya kuma nuna cewa ruwa da makiyaya da wuta na tarayya ne.

Yadda aka aiwatar da waɗannan a ƙauye kuwa, daga bakin kakana da tsararrakinsa na ji. Sun ce tafkinmu yana da gefe biyu: mashayar dabbobi a gabas inda burtali ya faɗo, wurin ɗiban mutane a yamma. Ba a wanki a ciki, sai a ɗebo a koma gefe. Ba a noma har bakin ruwa, akan bar gamba da geza da sabara su kewaye shi. Da bazara, in ruwa ya janye, mai gari yakan sa a yi shela, a fito gayya. Maza su haƙa, samari su kwashe laka a kwanduna, mata su kawo fura da kunu, makaɗa na zuga. Lakar ba a zubar da ita, da ita ake gini da yaɓe, saura a kai gona. Rijiya kuma duk shekara sai an yashe ta. Wanda ya ƙi fita ba da uzuri ba, ba a kai shi gaban alƙali, amma ran da ya kira gayyar gonarsa zai ga abin da ya shuka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa kowa ke tsoron a bar masa tasa.

Ba na cewa zamanin da aljanna ne. An sha ruwa mai laka, an yi fama da kurkunu da tsargiya, bayi da talakawa su suka fi shan wahalar aikin. Abin lura dai shi ne, ruwan yana da masu shi, an kuma san su.

Zamanin Turawa

Abu na farko da Turawa suka yi wa ƙasarmu shi ne raba ta. Ingila da Faransa suka yi yarjejeniya a 1904 da 1906, sa'an nan jami'ansu suka bi suna kafa alamun iyaka daga Kwara zuwa Tafkin Chadi. Yekuwa da Magarya suka faɗa hannun Faransa, Zango da Baure suka faɗa hannun Ingila. Ruwa kuwa bai san iyaka ba. Korama tana tasowa nan ta ƙare can, makiyayi yana bin ta da garkensa, amma hukumar da ke wannan gefe ba ta da ta cewa a wancan.

Na biyu shi ne haraji da gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, haraji kuma ya koma na tsabar kuɗi. Manomi ya shiga faɗaɗa gona, saura ta ragu, daji ya ja baya. Ana cikin haka fari ya faɗo a 1913, aka yi yunwar nan ta 1914 da ake kira Kakalaba. Bayanta aka yi ta 1927 da ake danganta ta da buhu, da 'Yar Gusau a 1942, da Muɗa a farkon shekarun 1950. Michael Watts, wanda ya yi bincikensa a ƙasar Kaita ta Katsina, ya nuna a littafinsa na 1983 cewa ƙarancin ruwan sama kaɗai bai isa ya bayyana waɗannan yunwoyi ba, sai an haɗa da yadda haraji da bashi suka raunana rumbun talaka.

Na uku shi ne dokar daji. A 1935 wani masanin gandun daji, E. P. Stebbing, ya buga maƙala yana gargaɗin cewa Sahara na tahowa kudu za ta cinye ƙasar Hausa. Maganar ta tada hankali, har Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa da ya zagaya iyaka a 1936 zuwa 1937. Kwamitin bai ga alamar hamada na tafiya kamar rundunar yaƙi ba. Abin da ya gani shi ne lalacewar ƙasa a wuraren da aka yi mata yawan sassabe da kiwo. Maganin da hukuma ta ɗauka shi ne keɓe gandun daji da sa wasu itatuwa ƙarƙashin doka. A gefen Faransa dokar 1935 ta mai da daji na gwamnati. A gefenmu En'e ta sa malaman daji, kuma manomi na iya shan tara don ya sare icen da ke tsakiyar gonarsa. Niyyar mai kyau ce, amma ga abin da ta haifar: manomi ya gane cewa ice a gona jan magana ne, don haka gara ya tumɓuke shi tun yana tsiro, kafin malamin daji ya san da shi.

Ba za a hana wa wancan zamani nasa alheri ba. A lokacin ne aka fara gina rijiyoyin siminti masu baki a ɗage, duba-gari kuma suna bi gida-gida suna leƙa randuna. A zamanin Sarkin Daura Abdurrahman, wanda ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, hakimi da dagaci da mai unguwa suna da ƙarfin da za su tara jama'a aikin gari. Sai dai sannu a hankali aikin ya tashi daga gayya ya koma umurni, mutane suka fara ganinsa a matsayin aikin En'e.

Fari da manyan ayyuka

Farin 1972 zuwa 1974 ya girgiza Sahel baki ɗaya. Dabbobi suka mutu, rijiyoyi suka ƙafe, mutanen arewa da mu suka kwararo kudu. Lokacin kuwa kuɗin man fetur ya fara shigowa, sai gwamnati ta fuskanci matsalar da manyan ayyuka. A 1973 aka kafa hukumomin raya kogunan Sakkwato da Rima da na yankin Tafkin Chadi, a 1976 aka ƙara yawansu zuwa 11. Aka shiga gina madatsun ruwa. A ƙasar Katsina aka yi Zobe da Jibiya, a shiyyarmu kuma akwai Sabke da Daberam. A 1976 ɗin dai aka yi gyaran ƙananan hukumomi, En'e ta kau. A 1978 dokar mallakar ƙasa ta danƙa filaye a hannun gwamna da ƙaramar hukuma. Fari ya sake dawowa a 1983 da 1984. Gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar raya karkara a 1986, aka yi ta haƙa rijiyoyin burtsatse. Jihar Katsina ta samu a 1987, a shekarar kuma aka fara shirin dashen itatuwa na Katsina da taimakon Ƙungiyar Tattalin Arzikin Turai, wanda ya kafa gandayen renon itatuwa da jerin itatuwan tare iska. A 1990 Nijeriya da Nijar suka sa hannu a Maiduguri a kan yarjejeniyar rabon ruwan da suke tarayya a kansa.

Waɗannan duka ayyuka ne na gaske, an kuma amfana. Amma mu duba abin da ya faru a ƙauye. Da aka kafa mana famfon tuƙa-tuƙa, kowa ya yi murna, mata suka huta da jan guga. Daga shekarar ba a ƙara kiran gayyar tafki ba. Mai gari ba shi da ikon da yake da shi a da a kan hurumi, jama'a kuma ta ƙaru, gona ta yi kaɗan. Wannan ya ci taku biyar, wancan ya ci goma, burtali ya tsuke har saniya ba ta wucewa sai ta taɓa shuka, rigima ta tashi tsakanin manomi da makiyayi. Da famfon ya lalace aka zauna jiran waɗanda suka kafa shi, su kuwa ba su dawo ba. Aka waiwayi tafki, aka tarar rairayi ya cike shi. Rijiya ta bayar, guga ya hana, mu ne kuma gugan.

Yaƙin kurkunu

Duk da haka, akwai wani yaƙi da jama'ar karkara suka ci a bakin tafki, wanda ya kamata a rubuta shi da kyau. Mahaifina yana da tabo a idon sawunsa na hagu. Tun ina yaro nake tambaya, yakan ce kurkunu ne, ya kwantar da shi damina guda cur, gonarsa sai dangi suka nome masa.

Kurkunu daga ruwan sha ake ɗaukarsa. Akwai wasu 'yan ƙananan ƙwari a ruwan tafki da ke haɗiye ƙwayayensa. In mutum ya sha, sai bayan kamar shekara guda tsutsar ta girma, tsawonta na iya kai mita ɗaya, ta huda fata ta fara fitowa, galibi a ƙafa. Zafin kan sa mutum ya tsoma ƙafar a ruwa don ya ji sanyi, nan take tsutsar ta zuba dubban ƙwayaye, abin ya sake zagayowa. Ba shi da allurar rigakafi, ba shi da maganin sha. A binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a 1988 an sami mutum sama da 650,000 da ke ɗauke da shi. Cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta shigo cikin aikin, Janar Yakubu Gowon kuma ya riƙa zagaya ƙauyuka yana jan hankalin hukumomi.

Amma wa ya yi ainihin aikin? Matan da suka riƙa tace kowane tulu da ƙyalle. Masu sa kai na ƙauye da ke kai rahoton duk wanda ya kamu. Dattawan da suka zauna bakin tafki suna hana mai kurkunu shiga, suna sa a ɗebo masa. Aka ga mutum na ƙarshe da ya kamu a Nijeriya a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da cutar. Ni da tsararrakina ba mu taɓa ganin kurkunu da idonmu ba. Tsohuwar dokar hurumi ce aka farfaɗo da ita, aka haɗa ta da ilmin zamani, ta yi aiki.

Darasi daga Maraɗi

Darasi na biyu daga 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka ya zo. A farkon shekarun 1980 ƙasar Maraɗi ta zama fili fetal, iska na binne shuka, manomi sai ya yi shuka sau biyu ko uku. An yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa kowace bazara toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi aka bari, aka datse saura, aka tsare su daga dabba da gatari, cikin 'yan shekaru sai su zama itace. Ba reno, ba ban ruwa, ba kuɗi. Manoman can suka sa wa abin suna sassaben zamani, ko da yake tsofaffi sun ce dabarar ba baƙuwa ba ce.

Da farko an yi wa masu yi dariya, ana ce musu ƙazaman manoma. Yunwar 1984 ta sa da yawa suka gwada, domin an haɗa aikin da rabon abinci. Abin da ya ba shi ƙarfi daga baya shi ne manomi ya sami tabbacin cewa icen da ya rena nasa ne, dokokin ƙasar kuma suka sassauta, musamman dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga ta ƙasar Agye, jama'a suka kafa kwamitocin tsaron itatuwa, da maza da mata da makiyaya a ciki. Masu bincike da suka gwama hotunan sama na da da na baya sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da fili mai faɗin hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200, gawo na cikin waɗanda suka fi yawa. A 2018 aka ba Rinaudo wata babbar lambar yabo ta duniya, tare da Yakuba Sawadogo, manomin nan na Burkina Faso da ya farfaɗo da dabarar haƙa ramukan tara ruwa a fako.

Waɗannan mutane Hausawa ne irinmu, ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwan sama, kasuwa ɗaya muke ci da wasunsu, muna auratayya. In gawo ya dawo Magarya, me zai hana shi dawowa Zango?

Kammalawa

Manyan shirye-shirye ba su ƙare ba. Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa a 2007, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015, Katsina na cikin jihohi 11 da ya shafa. A ƙarshen 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL, wanda aka tsara shi a kan gyaran makwararun ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Muna maraba. Amma tarihin da na bi a sama ya koya mini abu ɗaya: duk aikin da jama'a suka ɗauka nasu ne ya daɗe, wanda kuwa suka ɗauka na hukuma ne yakan mutu ran da motar hukuma ta juya.

Sai in koma ga tafkinmu, domin akwai abin da ban faɗa ba. Da muka juyo daga bakin tafki ran nan, kakana ya tsaya a wata gona da kunyoyinta suka gangara har cikin kwarin. Ya ce, "Ka san gonar wa ce wannan?" Na sani sarai. Tamu ce. Geron da aka sayar aka biya mini kuɗin rajista, wani sashensa a hurumin tafki ya fito.

Da dare na tari mahaifina da maganar, gabana na faɗuwa. Ya daɗe bai ce komai ba, sa'an nan ya ce, "Mu goma sha ɗaya muke ci daga gonar nan. In na bari, maƙwabcina zai bari?" Tambaya ce ta gaskiya, ba ni kuma da amsarta. Abin da muka iya yi shi ne, mu samarin gari muka je wurin mai gari da liman, aka tara masu gonakin da ke kewaye da tafkin, su bakwai. Bayan zama uku, huɗu suka yarda su ja da baya taku ashirin a dasa gamba, su kuma bar tohon gawo da kalgo a gonakinsu. Baba na cikinsu. Uku sun ce sai sun ga abin da ya faru. An sa ranar gayyar yashe tafki bayan ƙaramar salla, an kuma aika wa Fulanin da ke mashaya a nan su zo a yi da su.

'Yan'uwana ɗalibai, kowannenmu daga wani gari ya fito, kowane gari kuma yana da tafkinsa ko rijiyarsa ko koramarsa. Roƙona shi ne, in mun je hutu mu zauna da tsofaffi tun suna raye, mu rubuta sunayen tafkuna da fadamu, da inda hurumi ya tsaya, da inda burtali ya bi, da kalmomin da ake amfani da su wajen yasa da gayya. Wannan aikin Ƙungiyar Hausa ne, domin in abu ya ɓace sunansa ma bin sa yake yi. Malamanmu kuma muna fatan su ba mu damar yin kundayen kammala karatu a kan irin waɗannan batutuwa.

Ranar da zan dawo makaranta na je yi wa kakana sallama. Ya ce in an buga wannan rubutu in kawo masa a karanta masa, ya ji ko na faɗi gaskiya a kan gonarmu. Allah ya ba shi tsawon rai ya ga ruwa a tafkin nan da watan Disamba, mu kuma Allah ya sa mu dace, amin.